'Yan Tsakin Iya Kaltuma

Da gudu na faɗa gidan Iya Kaltuma, ko sallama ban ƙarasa ba, goyo na neman zamewa daga bayana.

"Iya! Haƙori ya fito! Wallahi ya fito, sa yatsa ki ji!"

Tana zaune bakin ɗakinta, ta baza zanenta har ƙasa. Ta ce, "Ke Hajjo, a hankali, kar ki taka mini 'ya'ya. Kuma 'yar fari ce fa, ina kunyar taki?"

Ni kam kunya ta bar ni tun ranar da na haifi Raishatu. Kowa na gani sai na ba shi labarinta, har Buzaye masu tallan gishiri.

Iya maƙwabciyarmu ce a Falanko, danga ɗaya ta raba mu. Ita ta yanke wa yarinyar cibiya. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun riga ta. Kaza ɗaya gare ta, ita ma muzuru ya ɗauke ta bayan ƙyanƙyasa, ya bar 'yan tsaki ba uwa. Iya ta ce na Raishatu ne: in sun girma a musanya su da 'yar akuya a kasuwar Tarka.

"Nononki ba shi da kauri, bana kuma gero ya ƙi," in ji ta. "Kafin yaye, ƙawata Raishatu ta sami abin sha."

To, sai ta zama uwarsu. Da sassafe ta tafi suri inda ta kifa tsohuwar tukunya cike da kashin shanu da kara, ta kwaso musu gara. In inuwar shirwa ta gifta sai ta yi "Kurrr!" ta ɗaga bakin zanenta, su sheƙo su shige. Shi ya sa ba ta barin tsakar gida in suna waje.

Ranar ta sa yatsa a bakin yarinyar, ita kuwa ta datse shi.

"Kai! Ƙawata ta ci ni! Ni da ke za a yi, mai haƙori ɗaya, ni da nake da biyu."

Dariyarta ta juye tari, tarin ya ƙi tsayawa. Na riƙe hannunta, sai na ji kamar na riƙe kara. Can gefe ga ƙwaryar furar da na aiko mata da safe, an marmasa curin a ƙasa, 'yan tsaki na ta tsattsaga.

"Iya, ba ki sha ba?"

"Na sha ruwan."

"Ruwa abinci ne?"

"Ni na gama girma, 'yar nan. Su fa?"

Na yi faɗa, na yi kuka, na kai ƙara wurin Baba Barmo mai unguwa. Ya zo ya yi mata magana, ta ce to. Yana fita ta sake marmasa musu.

Da ƙafa ta gagare ta, ni na karɓi zuwa suri. Ranar farko ta tona garar da tsinke ta ce, "Kin kwaso masu jan kai. Waɗannan cizo suke a maƙogwaro. Me suka koya muku a lakwal, makarantar bokon taku?"

Na ce mu kulle su a akurki kawai, tunda ba ta iya zaman gadi. Ta ƙi.

"In kin kulle su yaushe za su iya tono? Wa ke da geron ba su? Su koyi neman nasu tun ina numfashi."

Sai in fitar da ita in jingina ta da bango, in baza mata zanen. "Kurrr" ɗin kullum ƙara sirancewa yake, amma suna ji.

Wata safiya, hantsi ya ɗaga, na sake shigowa da labari: Raishatu ta zauna da kanta, ba mai riƙe ta! Na tarar akurki a rufe, 'yan tsaki na ta kuka. Iya na kwance a ɗaki, idonta a ƙofa.

"Ta zauna, Iya."

"Madalla." Sai ta tambaya, "Sun yi fiffike?"

"Sun fara."

"Da saura. Ki buɗe musu, Hajjo. Ki riƙa duba sama."

Kafin azahar, Iya ta cika.

Maza suka ɗauke ta. Mu mata muka zauna tsakar gida. Wata ta wanke zanen Iya ta shanya a danga, bakinsa na jan ƙasa. Na buɗe akurki kamar yadda ta ce, suka bazu gindin turmi suna tono.

Sai inuwa ta gifta.

Na yi "Kurrr!" na ɗaga nawa zanen. Ko waiwayo ba su yi ba. Suka nufi bakin ɗakin, inda take zama, suka tarar da ƙasa kawai. Nan shirwar ta sauko ta suri wani farin ɗan tsako, wanda ya fi su girma, ta tashi da shi yana kuka har muka daina ji.

Raishatu na cinyata tana laluben nono. Na duba ban ga sauran ba, sai can gindin danga. Sun shige ƙarƙashin jiƙaƙƙen zanen, ƙafafunsu kawai ake gani, ruwa na ɗiga a kansu.