Safar da Alden Ya Saƙa

Shekara arba'in da ɗaya ke nan, da zarar dusar ƙanƙara ta rufe hanyar gonarsu a Manitoba, Verna takan ɗauko zaren ulu ta hau saƙa safa, mijinta Alden yana karanta mata littafi a bakin murhu. In ya zo kan maganar mace sai ya maƙale murya, ita kuwa ta yi ta dariya.

Bana ciwon gaɓoɓi ya kama mata yatsu, shi kuma idonsa ya yi rauni. Sati biyu ba saƙa ba karatu. Ran nan da hantsi ta tura masa kwandon zaren.

"Ungo, tsoho. Ni zan yi karatun."

"Ni da saƙa? Wa zai sa abin da na saƙa?"

"Kai mana."

Kafin ƙanƙara ta narke ya gama ƙafa ɗaya, dunduniyar a karkace. Verna ta jujjuya ta, ta tuna safarta ta farko, wadda mahaifiyarta ta warware har sau uku. Ba ta warware tasa ba, ta ce ya fara ɗayar.