Rufin Gidan Yari

"Ku daina zuba ruwan nan! Akwai mutum a ciki!"

Ni na faɗa, da iyakar muryata, har ƙwaryar furata ta kife. Masu gayya da ke kan soro suka tsaya riƙe da tuluna suna kallona kamar na zare. To, ni Baiwa da na tsufa ina sayar da fura a ƙofar zauren alƙalin Gaya, ban san tarin mutum ba? Ta tagar ɗakin yari na ji wani yana tari.

Maƙwabcina Datti magini shi ne shugaban aikin. Kakansa ya gina zauren da ɗakin tsare masu laifi da ke manne da shi, tun kafin jihadi, shi ya sa ba ya yarda kowa ya taɓa ginin sai yana tsaye. Bana gara ta ci azara, alƙali ya ce a sake rufi kafin damina. Datti kuwa mutum ne mai taurin kai. Wai tsohuwar ƙasar rufi ta fi sabuwa danƙo, ba za a farfasa ta a zubar ba, sai dai a jiƙa ta a kwashe a sake cuɗawa. Tun hantsi ake ɗura mata ruwa.

Datti ya sauko da sauri ya tari Yari, mai tsaron ɗakin. "Ba ka ce min ka fitar da kowa ba?"

"Na fitar da masu iya tafiya," in ji Yari. "Saura Bappa, makiyayin Toranke da shanunsa suka yi ɓarna. Ƙafarsa na cikin turu. Na zaci yau zaure kaɗai za ku taɓa."

"Buɗe turun mana!"

"Maƙeri ke zare ƙusar, ya tafi cin kasuwar Ajingi."

Innalillahi! Turun nan gungumen kirya ne, ƙato ɗaya ba ya ɗaga shi. Muna tsaye muka ji azara ta yi ƙara, jar laka ta soma ɗiga daga sama. Bappa na ciki yana kiran sunan Allah da Fillanci.

Datti ya ɗauki tokara ya shige. Ya kafa ta ƙarƙashin azarar da ta lanƙwasa, amma ta yi gajarta. Sai ya ɗora ta a kafaɗarsa ya miƙe.

"Ku ja shi da turun gaba ɗaya," ya ce. "Lurwanu, kama ta can!"

Lurwanu ƙaninsa da wasu maza suka shiga suka kama. Da suka iso ƙofa gungumen ya gicciye, ya ƙi fita. Dole a koma baya a juya shi. Ina hango Datti, laka na zuba a kansa, jijiyoyin wuyansa sun tashi.

"Yaya, saki ka fito!"

"Ka juya itace, ka bar ni da surutu!"

Suka juya. Bappa ya fito ana jan sa a ƙasa, idon sawunsa na jini. Ƙafarsa na tsallake dokin ƙofa, rufin ya sauko.

Da hannu aka tono Datti. Yana numfashi, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Mai ɗori ya duba, ya girgiza kai. Aka kwantar da shi a ɗakin matarsa Kubura, ni kuma na tare a gidan, don zamanmu ya wuce na maƙwabtaka.

Washegari da la'asar ya buɗe ido ya gan ni.

"Baiwa, bakin nan naki ya yi rana."

"Kai kuma kunnen ƙashinka fa? Sha kunu, don Allah."

"Ƙafar Bafillatanin?"

"Tana nan, bai rasa ta ba."

"To, madalla." Ya kalli Kubura. "A ce wa Lurwanu ya sa sabuwar ƙasa."

Bai sha kunun ba. Kubura na laƙƙana masa kalmar shahada, yana bi a hankali, har ya yi shiru. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mijina.

Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, sai na leƙa ta zaure da aka fito da makara. Can bayan jama'a na hango Bappa, an zare masa turu, ya ɗaure ƙafar da tsumma. Yana ɗingishi, ɗauke da tulun ruwan da za a kwaɓa ƙasar kabari. Yari na biye da shi a hankali, bai ce masa ya yi sauri ba.