Ƙugun Barau da Gaisuwar Suruki

Ranar da aka sallamo Barau daga asibiti a Katsina, inda aka cire masa lalataccen ƙashin ƙugu aka sa na ƙarfe, likita ya kafa masa doka: ba tsuguno, ba zaman ƙasa, sai jiki ya karɓi baƙon. In ya kuskura ƙarfen ya goce, an koma gidan jiya.

Aikin irin na zamani ne, yankan bai fi tsawon yatsa ba. Mutanen garinsu Mabai kuwa da tabo suke auna ciwo. Abokinsa Gide ya zo dubiya, ya tarar da shi ɗare kan kujera mai tudu kamar mai jiran hoto, ya leƙa wurin ya ce, "Wanga ne aikin? Ai wanzami ya hi haka ɓarna." Kafin kasuwa ta zagayo, gari ya yanke cewa Barau ya je birni ya ɗauko girman kai.

Wannan bai hana shi shan furarsa ba. Abin da ya hana shi, labarin da ya zo cewa surukinsa Baba Mas'udu, mahaifin matarsa Hajaratu, yana tafe daga Tafoki. Tun da Barau ya yi aure bai taɓa gaishe shi ba sai a tsugune, ido a ƙasa. Yana tsoron komawa asibiti, amma kunyar tsohon nan ta fi ƙarfinsa.

Tsoho ya yi sallama, ya shigo zaure, ya zauna kan tabarma. Barau ya tsinci kansa yana kallon tsakar hular surukinsa daga sama, abin da bai taɓa gani ba. Zufa ta karyo masa. Ya dogara sanda ya fara zamowa daga kujera.

"Malam, likita fa!" in ji Hajaratu daga bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa.

"Likita bai ba ni ɗiyarshi ba," in ji Barau, ya ci gaba da zamowa.

"Zamna," in ji tsoho.

Tsohon ya miƙe da kyar, ya dubi zauren. A lungu akwai buhunan dawa, an ɗora wani kan wani. Mutumin da ko babur sai an tallafe shi yake hawa ya tattare babbar riga, ya kama bango, ya yi nishi, ya haye na sama. Ya gyara hula, ƙafafunsa suna lilo.

"To, ga ka ƙasa," ya ce. "Gaishe ni maza, jiri nike ji."

Barau ya sunkuyar da kai. Tausayin tsohon ya kama shi, gaisuwar ta ƙi fitowa.

Tsoho ya ɗan jira, yana riƙe da bakin buhu hannu biyu.

"Lahiya lau," ya amsa gaisuwar da ba a yi ba. "Lahiya lau."