Damin da ke saman murhu

Tun azahar Sutiman yake tsaye a bakin gonar surukarsa, Mbah Paini, yana kallon hadarin da ya taso daga wajen dutsen Merapi. Shinkafar ta kai masa ƙirji, koriya shar, har maƙwabta na tsayawa su yaba. Shi kaɗai ya san abin da ya aikata.

Jar shinkafa ce mai ƙamshi, irin da Mbah Paini ta gada daga kakarta, kuma duk ƙauyen babu mai ita sai ita. Dasa ta ake yi da hannu, tushe-tushe, a ba ta kashin ɓauna da toka. To, Sutiman ya yi shekara tara a masana'antar takalma a birnin Semarang, ya dawo da wayon birni da bai kai ya kawo ba. Da ciwon ƙafa ya kwantar da tsohuwar, sai ya ce dashe ɓata lokaci ne, ya yafa irin kamar yadda masu gajeriyar shinkafa ke yi. Yafi kuwa akwai cin iri. Da ya ga ba zai isa ba, ya kafa tsani ya hau rumfar da ke saman murhu ya sauko da damin irin ajiya, wanda ba a taɓawa ko ana yunwa, ya sussuke shi, ya mayar da ƙaiƙayi da kara a cikin tabarmar da aka naɗe damin da ita. Bayan nan ya danna wa gonar takin yuriya buhu uku.

Doguwar shinkafa ba ta son wannan gatan. Ta yi tsawo, ta cushe, karan ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya. Ya matsa ƙwaya ɗaya da farce, farin ruwa ya fito. Da saura mako uku kafin ta nuna.

"Kai, injiniya!" in ji maƙwabcinsa Kasno, yana wucewa da fartanya. "Shinkafa ka shuka ko rake? Iska ɗaya za ta shimfiɗa maka ita."

"Rufa mini asiri, Yaya. Bakinka ya sari ɗanyen kashi."

"Ni na kira hadarin?"

Iskar ta iso kafin ruwan. Sutiman ya faɗa cikin laka yana tattaro karan yana ɗaurewa biyar-biyar da zaren ayaba, bakinsa na salati. Yana ɗaure nan, can na zubewa. Kafin la'asar gonar ta kwanta kaf, zangarniyoyi sun nutse cikin ruwan laka.

Da ya ɗago sai ya ga Mbah Paini a kan gaɓa, ta dogara sanda, ganyen ayaba a kanta. Tsoro ya kama shi. Ta daɗe tana kallon gonar.

"Inna, ni ne…"

"Fito daga ruwan nan, Baban Lastri, kada zazzaɓi ya kama ka." Ko ɗaga murya ba ta yi ba. "Ta taɓa kwanciya haka a hannun mahaifiyata, muka ci rogo shekara guda, ba mu mutu ba. Ai don irin wannan ranar ake ajiye dami."

Ta juya ta kama hanyar gida a hankali.

"Zo ka kafa mini tsani in hau wajen damin," ta ce. "In na taɓa shi da hannuna, hankalina zai kwanta."