Sunan Ɗan Fari a Antigua

Surukar Mu'awiya ta kama kumatunsa da hannu biyu, ta kira sunansa har sau uku. Ba ma ta iya faɗin sunan daidai, amma ƙaton mutum mai shekara talatin da biyu ya tsaya yana washe baki. Habibatu, wadda ta haife shi, tana gefe tana zuba miyar kuka a kwano, ta yi kamar ba ta gani ba.

Haka ake yi duk Lahadi a gidansa na Woodbridge, a Amurka, tun da ya auri Irene, 'yar mutanen ƙasar El Salvador. Uwar Irene ba ta jin Turanci sai na sayayya, Habibatu kuwa ko gaisuwa ba ta iya ba da Sifaniyanci, don haka shekara biyar ke nan suna yi wa juna murmushi har haƙora su bushe. Jikarsu Haula takan haye cinyar waccan kakar ta yi ta zuba, in ta iso wajen Habibatu sai ta ɗaga mata hannu ta wuce.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne maganar da ta jiyo ranar daga kicin, ƙasa-ƙasa. Mu'awiya ne yake gaya wa matarsa: "Kin san tunda nake ban taɓa jin sunana a bakin Umma ba? Ƙanwata Asma kam tana kiranta sau goma a yini. Ni sunana 'kai'."

Ba da fushi ya faɗa ba, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Ya faɗa ne kamar wanda ya daɗe da haƙura.

Wata abokiyar aikinta a gidan kula da tsofaffi na Landover ce ta ba ta labarin makarantun koyon Sifaniyanci na garin Antigua, a ƙasar Guatemala: mako uku, malami ɗaya ɗalibi ɗaya, ana kwana a gidan 'yan gari. Habibatu ta ɗauki hutunta na shekara, ta ce saboda Haula za ta je.

"Umma, makaranta kuma, a waɗannan shekarun?" in ji Asma.

"Shekarun nawa me suka tsare miki?"

A ƙarshen Oktoba ta sauka. Garin na da sanyin safiya irin na Jos, titunansa duk duwatsu ne da ba su san darajar gwiwar mace mai shekara hamsin da shida ba. Malamarta Martina, gajeruwa mai kitso ɗaya har baya, takan zaunar da ita a teburi ƙarƙashin bishiyar lemo daga ƙarfe takwas zuwa azahar, kuma ta hana Turanci ko kalma ɗaya. Habibatu, wadda ma'aikata ashirin ke shakkarta a wurin aiki, ta koma tana ƙirga ɗaya, biyu, uku, tana neman izinin shan ruwa. Ta yi mamakin yadda abin ya yi mata daɗi.

Matsala ɗaya ce: Martina ba ta da zance sai na iyali. 'Ya'ya nawa gare ki? Biyu. Yaya sunansu? Habibatu ta ce Asma, ta faɗi shekarunta da aikinta da irin tsiwarta, har da hoto. Da aka zo kan babban sai ta sunkuyar da kai, ta gyara mayafi, ta ce, "Na farkon namiji ne." Martina ta sake tambaya washegari, ta samu amsa iri ɗaya. Daga nan ba ta ƙara ba, sai dai ta riƙa dafa hannun ɗalibarta, tana kawo mata burodi mai zaƙi daga gida. Habibatu ta ce a ranta, mutanen nan akwai tarbiyya.

Ranar ɗaya ga Nuwamba gari ya cika da furanni ruwan ɗorawa, kowa na ɗauke da su zuwa maƙabarta, domin ranar ce suke ziyartar mamatansu. Martina ta zo da dami biyu. Ta ajiye ɗaya a gaban Habibatu, ta fito da takarda da biro, ta yi magana a hankali don a gane ta.

"Na san addininmu ba ɗaya ba ne. Amma yau a cocinmu za a karanta sunayen waɗanda suka tafi. Ki ba ni sunan ɗanki in sa a ciki."

Habibatu ta ɗauki lokaci tana haɗa kalmomin. Da suka haɗu sai ta miƙe zumbur, kujera ta faɗi.

"A'uzubillahi! Wa ya ce miki ya mutu? Yana nan da ransa!" Da Hausa ta faɗa, sannan ta lalubo ɗan Sifaniyancinta ta maimaita.

Ranar dai dokar hana Turanci ta karye. Habibatu ta yi bayani: a Katsina, inda ta tashi, mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Uwarta ba ta taɓa kiran sunan yayan Habibatu ba, kuma duk unguwa an san shi ne ɗan gaban goshi. Martina ta ba da haƙuri har da ƙwalla. Can ta ce, "To shi ya san haka?"

A gida ba uwa ce ke yi wa yaro wannan bayani ba. Kaka ce za ta tsokane shi, gwaggo ta raɗa masa, maƙwabta su yi ta yi wa uwar tsiya har ya gane. Shi kuwa yana ɗan shekara shida aka kawo shi Amurka, babu kaka, babu gwaggo, ubansa kuma ya rasu bai taɓa zaton abu ne mai buƙatar faɗi ba. Ta zo da kunyarta ta bar masu fassara ta a gida. Baƙuwa mai kirki ta dubi shirunta mako ɗaya ta ɗauka gawa ce. Shi da ya yi shekara ashirin da shida yana dubansa fa?

Sauran kwanakin, Martina ta mayar da abin darasi. Kowace safiya kafin a buɗe littafi sai Habibatu ta ce da Sifaniyanci, "Sunan ɗana Mu'awiya." Ran farko da ƙyar ya fita, har tana waiwaye. Da harshen wasu abin ya fi sauƙi, don babu wanda ya taɓa yi mata faɗa da shi.

Ta sauka a filin jirgin Dulles da la'asar. Ta hango shi cikin masu jira, ya juya mata baya yana duba allon jirage. Da ta ce "kai" da tuni ya juyo. Ta tsaya da akwatinta.

"Mu'awiya."

Ya waiwayo, ya dubi dama, ya dubi hagu, ya leƙa ta saman kanta yana neman mai kiransa. Sai da ta ɗaga hannu sannan ya gan ta. Ya rusuna ya gaishe ta, ya karɓi akwati.

Sun yi nisa a babbar hanyar 95, ya gama tambayar abinci da sanyi da yadda ta yi da salla, sannan ya ce, "Ɗazu a can ciki kamar na ji wani ya kira sunana."

Habibatu tana kallon bishiyoyin gefen hanya.

"Ni ce," ta ce.

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, idonsa a kan titi. Ta ga allon Woodbridge ya taho, ta ga ya wuce su, motar ba ta ko rage gudu ba. Ta gyara zama, ba ta gaya masa ya wuce hanya ba.