Sunan Gidanmu a Jaridar Turanci

Sunan gidanmu ba irin wanda ake tsinta a hanya ba ne. Laƙabin kakanmu ne, wani magatakarda ya ɗora shi a takarda, ya bi mu har yau. Duk wanda ka ji yana amsa shi, to jininmu ne, ba sai an yi bincike ba.

Ni malamar Turanci ce, kuma ina da karambani, na sani. Ran nan a ofishin malamai ina neman misalan da zan ba ɗalibai, sai na faɗa wani shafi a intanet da ke tattaro jimloli daga jaridu don nuna yadda ake amfani da kalma. Don tsokana na buga sunan namu, ina jiran ya ce bai san shi ba. Sai ga jimloli sun jeru. Ta farko kawai na karanta, na ga maganar mai gyaran agogo ake yi. Ko jakata ban zuge ba na fita.

Baba ma gyaran agogo yake yi. Tare suka yi sana'ar da ƙaninsa, wanda yake kira Auta. Shekara talatin da huɗu ke nan da suka yi faɗa a shago, Auta ya shiga duniya, ko wasiƙa babu. Baba bai taɓa gaya mana abin da ya haɗa su ba, amma duk matafiyin da ya kawo gyara sai ya tambaye shi ko ya taɓa jin sunan a wani wuri.

Na same shi da gilashi maƙale a ido ɗaya, ya baje cikin wani agogo a kan farin ƙyalle.

"Uwata, lafiya kike haki kamar an biyo ki?"

"Baba, na samo labarin Baffa."

Ya cire gilashin, ya jawo min kujera da ƙafa. Na ciro wayata, na riƙa karantawa ina fassara masa. Ta farko ta ce mai sunan ya tayar da agogon tashar jirgin ƙasa bayan shekara goma sha ɗaya a tsaye.

"Hannuna ne wannan," in ji Baba. "Ni na koya masa."

Ta biyu ta ce ya ƙi sayar da shagonsa ga masu son gina otal. Baba ya yi dariya har da buga tebur, ya ce taurin kan nan ko a cikin dubu zai gane shi. Ta uku ta ce 'yarsa ta gama karatun likita. Sai idona ya sauka a kan ta huɗu. Na yi da-na-sanin gaggawata.

"Shi ke nan," na ce, ina ƙoƙarin mayar da wayar jaka.

Baba ba ya jin Turanci, amma ya san siffar sunansa, ga shi nan ma a allon shago. Kuma mutumin da bai taɓa rufe agogo ba sai ya ƙirga kowace 'yar ƙusa, ba ni zan yi masa wayo ba. Ya karɓi wayar, ya bi layukan da bakin ɗan sukudirebansa.

"Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Uku kika karanta min."

"Baba, Turancin wannan da wuya."

"To albashin me kike ci? Karanta."

Na karanta. An binne shi ranar wata Talata, bayan gajeriyar jinya, 'yan kasuwar layin sun rufe shaguna sun raka shi. Kwanan watan jaridar ya haura shekara biyu.

Baba ya yi salati a hankali. Ya daɗe yana kallon wayar, har haskenta ya ɗauke. Tausayinsa ya kama ni.

"Ranar da ya tafi," ya ce, "ce masa na yi kada ya ƙara amsa sunan ubanmu."

Ya share ido da bayan hannu.

"Da ya ji maganata, Uwata, da ko addu'ar mamaci bai samu daga bakina ba."