Baba Tsaya-Tukuna

"Tsaya tukuna," in ji Baba, hannuna na kan ɗan wasan. "In kika bi ta ƙofar nan, wuta za ta tare ki ta baya."

Direba ya jingina da bango ya rufe ido. Nas ta tashi ta sake ɗora ruwan shayi. Haka muke duk yammacin Asabar a barandar gidan hayarmu, mu huɗu a kan wasan kwalin da 'yar Baba ta aiko masa. Gida ne ya kama da wuta, 'yan wasa duka gefe ɗaya suke: ko a fitar da mutanen ciki tare, ko a faɗi tare. Amma Baba tsohon malamin lissafi ne, ba ya barin kowa ya motsa sai ya auna gaba ya auna baya. Shi ya sa muke ce masa Tsaya-Tukuna, a gabansa ma.

Ni abin bai dame ni ba. Tun rasuwar mijina ko launin zare ba na iya zaɓa sai na tambaya, ga shi ɗinki ne sana'ata. Baba ne ya ƙwanƙwasa ƙofata ya fito da ni, wai wasan ba ya daɗi da mutum uku.

Direba ne ya gaji. Ya ce in haka ne Baba ya buga shi kaɗai mu zama 'yan kallo. Aka kafa doka: in layi ya zo kan mutum, ba mai ce masa uffan sai ya tambaya. Baba ya yarda da ƙyar. Sai ka gan shi yana cije leɓe, yana kaɗa ƙafa, yana tarin ƙarya. Nas ta ce tari ma shawara ne.

Ita ta fara gane ranar da tarin ya daina zama na ƙarya.

Da aka sallamo Baba daga asibiti, 'yarsa ta zo jinya. Ya rame har agogo na yawo a hannunsa. Ya sa aka shimfiɗa kwalin a kan gadonsa. Wasa ya yi nisa, saura mutum biyu a ciki, wuta ta kusa cin rufi, layi ya zo kaina.

"Baba, ina zan bi?"

Ya daɗe yana kallon kwalin. Na san ya ga hanya, leɓensa har motsi yake.

"A hannunki yake, 'yata. Bi inda ranki ya ba ki."

Na bi ta taga. Muka fitar da ɗaya, rufi ya faɗo kan ɗayan. Baba ya ce shi ma da nan zai bi. Direba ya ce Baba ya ji tsoron Allah, Baba ya yi ta dariya sai da aka ba shi ruwa. Da za mu fita ya riƙe hannuna, ya ce shagon ɗinkin da nake ta tambayarsa ko in kama, kada in ƙara tambayar kowa.

Ranar Talata da hantsi ya cika. Shagon kuwa na kama shi.

Ranar rasuwar, da masu ta'aziyya suka watse hadari ya haɗo, na ga farar rigarsa tana kan igiya, ba wanda ya tuna da ita. Na sauke ta na ninke. Da sauran ɗumin rana a jikinta.